Mai jiki za ta iya sakewa a gidan motsa jiki?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Don Allah shawara nake nema. Tun haihuwar auta jikina yake ta buɗewa, yanzu na haura kilo 100, gwiwa ta fara damuna, likita kuma ya ce jinina yana neman hawa, lallai in fara motsa jiki. Akwai jim, wato gidan motsa jiki, a kusa da mu, Abban Ilham ma ya amince, amma wallahi kunya ta hana ni. Gani nake ina shiga kowa ni zai zuba wa ido. Wadda ta taɓa zuwa da jiki irin nawa ta faɗa min tsakani da Allah, ana sakewa kuwa? Me kuma zan duba kafin in biya kuɗina?

Anti Rabi: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, na fi ki jiki lokacin da na fara, kuma ba zan ce miki ba a kallo ba. Ana kallo. Sai dai kallon baƙuwar fuska ne, irin wanda ake yi wa duk wadda ta shigo sabuwa, siririya ce ko mai jiki. Kafin sati ya zagayo an saba da ke, kowa ta koma kan hakinta. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yawancin waɗanda na tarar da safe irinmu ne, iyayen yara da likita ya turo saboda suga ko hawan jini. 'Yan matan da kike tsoro sai yamma suke zuwa.

Ummu Sadiq: Gaskiya Anti Rabi ya danganta da wurin. Ni inda na fara zuwa ban ji daɗi ba ko kaɗan. Mai koyarwar a gaban mutane ta ɗora ni a sikeli, ta faɗi lambar da ƙarfi, har wasu suka juyo. Ban koma ba. Da na canza wuri sai na ga ashe ba haka ake yi ko'ina ba. Saboda haka Maman Ilham kada ki biya kuɗin wata a ranar farko, komai daɗin bakin da za su yi miki. Ki ce kuɗin yini ɗaya za ki biya ki gwada. Ki je daidai lokacin da kike sa ran za ki riƙa zuwa, ki zauna ki ga yadda suke mu'amala da masu jiki. In sun ce sai dai na wata, ki kama gabanki.

Fati Gwale: Ki tambaya ko akwai lokacin mata zalla, kuma a lokacin wa ke koyarwa. Wani wurin sai a ce na mata ne amma mai koyarwa namiji, mai gyaran inji ma yana shigowa ba sallama.

Fati Gwale: Sai batun waya. Wannan ni ya fi damuna fiye da kallo. Ki tambaya ko suna hana ɗaukar bidiyo, domin wata za ta kafa waya tana ɗaukar kanta don TikTok, ke kina bayanta babu hijabi kina gumi. Wurin da ba su da doka a kan wannan ba wurin zuwa ba ne.

Maman Ilham: Innalillahi, wallahi ban ma kawo wannan a raina ba. Na gode Fati.

Hajiya Larai: Ni fa ban ga dalilin kai kuɗi jim ba tun yanzu. Ƙafa kyauta ce. Bayan sallar asuba ki samu maƙwabciya ku zaga unguwa, ko ki zagaya tsakar gidanki. In jiki ya ɗan saki, kin rage, sai ki je jim ɗin da ƙwarin gwiwa. A tsohuwar BUK ma mutane suna tattaki da sassafe, ga filin sukuwa ga na Ƙofar Na'isa.

Anti Rabi: Hajiya ki yi haƙuri, a nan ban bi ki ba. Tafiyar ƙafa tana da kyau, ba musu. Amma wannan maganar ta sai na rage sannan in je ita ce ta zaunar da yawancinmu shekara da shekaru. Wurin ai don masu neman ragewa aka buɗe shi. Kuma tattakin unguwa shi ma da nasa kallon, ga 'yan adaidaita sahu ga masu zaman majalisa, ga zafin Maris zuwa Mayu da kan kai digiri 40, ga ƙurar hunturu. A jim ko ba komai akwai fanka, akwai kuma wadda za ta kira ki ta ce yau ba mu gan ki ba.

Hajiya Larai: To ai ban hana ba. Cewa na yi kada rashin kuɗin jim ya zama uzuri ga wadda ba ta da shi, don na san a zauren nan ba kowa ce za ta iya ba.

Sista Hauwa: Ku duka kuna da gaskiya. Bari in shigo ta ɓangaren lafiya tunda ta ambaci jini. Maman Ilham, kafin komai ki koma a sake auna jinin a rubuta miki, a duba suga kuma. In ya kai 140 bisa 90 ko ya haura a awo fiye da ɗaya, hawan jini ne, kuma motsa jiki yana taimaka masa sosai, amma ba ya maye gurbin magani in an ɗora ki a kai. Ranar da kika auna kika ga ya kai 180 bisa 110, wannan ranar asibiti za ki nufa, ba jim ba.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 ga baligi shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da kwana 2 na atisayen ƙarfafa tsoka. Minti 150 ɗin nan rabin awa ne sau 5. Ba a ce ki fara da shi ba, can za ki kai a hankali. Ki fara da minti 10 ko 15, ki riƙa ƙarawa duk mako. Yadda za ki gane matsakaici: numfashi ya ƙaru, kina iya magana da ta kusa da ke amma ba za ki iya rera waƙa ba. In maganar ma ta gagara, kin wuce gona da iri, ki sassauta.

In kika ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ko zuciya na bugawa ba daidai ba, ki tsaya nan take, kada ki ji kunyar kowa. Masu suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayar maganin suga ta glibenclamide su tafi da dabino ko alewa a jaka, don sugansu yana iya faɗuwa ana cikin yi.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri Sista. To kilo nawa ya kamata in sa a gaba? Ni a raina so nake in koma 70 kamar da.

Sista Hauwa: Ki ajiye 70 ɗin tukuna. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinki kawai in ya sauka, wato kilo 5 zuwa 10 a wurinki, jini da suga suna nuna bambanci. Akwai babban binciken da aka yi a Amurka aka fitar a 2002 kan mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka sa su nemi rage kashi 7 na nauyinsu tare da motsin minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa. Kuma kada ki hau sikeli kullum, yana karya zuciya. Ki auna ƙugunki da tef ɗin tela sau ɗaya a wata, wani lokacin shi yake fara nunawa.

Bilkisu: Sannunku, yanzu na taso daga aiki. Maman Ilham, tunda sashen gashin ƙashi nake bari in yi maganar gwiwar. Kuskuren da na fi gani shi ne a haɗa sabuwar zuwa mai jiki da ajin tsalle-tsalle, ana kiɗa ana ihu, ita ma don kada a ga gazawarta sai ta biye musu. Bayan sati biyu sai ga ta wurinmu gwiwa a kumbure. Kada ki yi tsalle, kada ki yi gudu a farkon nan, igiyar tsallake ma ki bar ta. Ki nemi keken nan mai majingina wanda ake zama kamar a kujera ana tuƙawa da ƙafa a gaba, shi ya fi sauƙi ga gwiwa da baya, mazauninsa kuma da faɗi. In babu shi, ki hau injin tafiya ki sa shi a hankali, ba tare da ɗaga shi ya zama hawa ba. Ki maƙala igiyar tsaron nan mai jan kai a rigarki, in kin yi tuntuɓe ita ke kashe injin. Ki kuma tambaya yadda suke yi in an ɗauke wuta, kada ya tsaya da ke kwatsam. Kowane inji da iyakar nauyin da yake ɗauka, manyan na kasuwanci sun fi ƙananan na gida nesa ba kusa ba, to ki tambayi mai wurin a gefe.

Na ƙarfafa tsoka kuwa, zama a kan benci da miƙewa ba tare da dafa hannu ba ya ishe ki farawa, sai tura bango da hannu, sai jan robar atisaye. Tsokar cinya in ta yi ƙarfi ita ke ɗauke wa gwiwa aiki. Kuma duk kilo ɗaya da kika sauke, kusan kilo 4 ne na matsi kike rage wa gwiwar a kowane taku. Kada ki riƙe numfashi lokacin ɗaga abu mai nauyi, yana harba jini sama.

Tsamin jiki bayan kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne, yana wucewa cikin kwana 3 haka. Ciwo mai suka a cikin gaɓa ko kumburi shi ne na tsayawa a duba.

Maryam Kaduna: Mu nan Murtala Square muke zuwa da safe, za ki ga hajiyoyi da hijabinsu har ƙasa suna zagaye, babu mai kula su. Amma ni kayan sawa nake so in yi magana a kai, don rabin rashin sakewa daga nan yake. Ba dole ba ne ki sa matsattsun kayan da kike gani a hoto. Doguwar riga ta auduga mai sauka har gwiwa da wando mai faɗi, shi ke nan. In babu girmanki a kasuwa ki sayi yadi a Kwari tela ta ɗinka miki. A ciki ki sa wando mai kama cinya saboda gugar cinyoyi, ki shafa man kaɗanya ko basilin kafin ki fita. Rigar nono ta wasanni mai ƙarfi kada ki yi mata rowa. Hijabi ƙarami mai shiga kai, kada mai tsawo ya shiga cikin inji.

Ummu Sadiq: Takalmi ki je Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo, ana samun masu kyau. Ki je da yamma ƙafa ta ɗan kumbura, ki gwada da safa, ki bar sararin yatsa ɗaya a gaba. Ki lanƙwasa tafinsa ki duba kada ya zama ya mutu.

Malama Asabe: Maman Ilham, ki cire wa ranki cewa abin kunya ne. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin tseren da suka yi da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ta wuce shi. Bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake, shi ya wuce ta, ya ce wannan madadin wancan. Yana cikin Abu Dawud. Ki kiyaye suturarki da lokacin sallarki, ki yi niyyar neman lafiyar da za ki yi ibada da ita, ki tafi abinki.

Fati Gwale: Akwai mai sayar da shayin rage ƙiba da bel ɗin ɗaure ciki a jim ɗinmu, kullum sai ta tare sababbi. Sista yaya gaskiyarsu?

Sista Hauwa: Don Allah ku rabu da su. Da yawa daga cikin shayin nan filasko ne a ciki ko makamancinsa, gudawa yake sawa, ruwan jiki ne ke fita, kitse yana nan. Ga mai shan maganin hawan jini ma haɗari ne. Bel da sa leda a ciki gumi kawai suke ƙarawa, kina shan ruwa nauyin ya dawo. Wannan kuɗin gara ki sayi takalmi. In da abin da zan ce ki fara bari, lemon kwalba ne. Yawancinsu sukarin giram 10 ne ko fiye a kowane mililita 100, robar 50cl ɗaya ta haura giram 50 ke nan, sama da ƙaramin cokali 12. Sai sukarin shayi da na fura. Tuwo ba a ce ki daina ba, ki rage malmala ki ƙara miyar ganye, ki sa wake da zogale.

Anti Rabi: Wani abin kuma, ki shiga da sanin abin da za ki yi. Rashin sakewa ya fi tsanani in kina tsaye a tsakiyar ɗaki ba ki san inda za ki nufa ba. Ki rubuta abin da Bilkisu ta faɗa a takarda: keke minti 10, zama da tashi, tura bango, ki miƙe jiki, ki tafi gida. Ranar farko ki ce wa mai koyarwa ta nuna miki yadda ake kunna inji da kashe shi, ki kuma gaya mata kai tsaye ba kya son a auna ki a gaban mutane. Kuɗinki kika biya.

Maman Ilham: Wallahi na ji daɗi ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Gobe in sha Allahu zan fara zuwa awon jinin. Akwai wadda ke wajen Hotoro ko Tarauni da za mu riƙa tafiya tare? Ni ƙarfe 9 na safe ya fi min, bayan na kai yara makaranta.

Ummu Sadiq: Ni ina Tarauni. Litinin da Laraba da Asabar nake zuwa, Asabar ɗin ta fi cika, to ki fara da Litinin. Ki yi min magana ta gefe in kwatanta miki wurin, ki taho da robar ruwa da ɗan tawul.

Bilkisu: Anti in kin karɓo sakamakon awon ki turo wa Sista Hauwa ta gani kafin Litinin ɗin. Gwiwar kuma ki gaya min wacce ce, da ko tana ciwo wajen hawa bene ko wajen sujada, sai in san abin da zan ƙara miki.

Maman Ilham: Ta dama ce, wajen tasowa daga sujada ta fi yi. Bari in kira ki bayan isha'i.