Tsirkiya mai lamba 9 ko 11, wacce za ta dace da jitata?

Assalamu alaikum, 'yan uwa makaɗa. Don Allah ina neman shawararku.

Jitata ta lantarki ce, ƙirar Stratocaster, kuma kiɗan Abzinawa irin na Agadez nake yi a wajen biki, da yatsu nake kaɗawa. Da can tsirkiya lamba 9 nake ɗaurawa, wato mai kauri 009 zuwa 042, daga mafi siriri zuwa mafi kauri. Tana da laushi, yatsu na gudu a kanta yadda kiɗan ke so, sai dai sautin siriri ne, ga ta ƙasan nan mai yawan tsinkewa ana tsakiyar wasa.

Sai na koma 011 zuwa 049. Sauti kam ya cika, ba ni da ƙorafi. Amma wuyan jitar ya ɗan lanƙwaso, tsirkiyoyin sun yi nisa da ƙarafan da ke jere a kan wuyan, kafin a tashi biki yatsuna sun yi tsami.

Shin in ɗaure ƙarfen cikin wuyan ne, wanda ke miƙar da shi, ko in sassauta tsirkiyoyin sautin ya ɗan sauko zuwa E♭? Ko kuwa 010 zuwa 046 za ta raba gardama? Tsoron taɓa ƙarfen nake da bushewar hunturun nan. Wanda ya taɓa gyarawa da hannunsa, nawa ake juyawa a karo ɗaya?