Ta yaya zan tsayar da jigon jirgi ni kaɗai?

Ɗan Yawuri: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Columbus, jihar Ohio. Bara na sayi wani tsohon ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, Catalina 22, ina jan sa a tirela zuwa tafkin Alum Creek. Matsalata jigon da ake ɗaura wa ƙyallen iska. Na alminiyom ne, tsawonsa ya kai ƙafa 25, gindinsa yana kan hinji a rufin ɗakin jirgin. Da ni da ɗana muke ɗaga shi, yanzu ya tafi jami'a. Ranar Asabar na ce bari in gwada ni kaɗai. Na saɓa shi a kafaɗa ina takawa gaba, daidai inda zan hau rufin sai ya karkace hagu, na ji hinjin ya yi ƙara. Da ƙyar na sauke shi, har yau kafaɗata ba ta dawo daidai ba. Uwargida ta ce in sayar kawai. Akwai dabara?

Baba Mai Gwafa: Wa alaikumus salam. Sannu da kafaɗa, ɗana. Allah ya rufa asiri hinjin bai tsinke ya tafi da rufin ba.

Ba nauyin ne ya kayar da kai ba. Wahalar duk tana farkon tashi, lokacin da jigon yake kwance: igiyar da za ta ja shi daga goshin jirgi ita ma kwance take, sai ta riƙa tura shi cikin hinji maimakon ta ɗaga shi. Don haka fara da gwafa mai tsayi a bayan jirgi, ka ɗora shi a kai, ya zama ya riga ya ɗan tashi. Sannan ka samo bututun ƙarfe kamar ƙafa 6, ka kafa shi a gindin jigon yana kallon sama. Igiyar ɗaga ƙyallen gaba ta bi ta kan bututun, daga can kuma ka haɗa da kurar da ake jan igiyar babban ƙyalle da ita, zuwa goshi. Kana ja, bututun yana sunkuyawa gaba, jigo yana miƙewa. Daɗin kurar shi ne tana da maƙali, idan ka gaji sai ka maƙale igiyar ka huta.

Karkacewar kuwa, wayoyin ƙarfen da ke ɗaure jigon ta gefe ba sa riƙe komai sai jigon ya kusa tsayuwa. Ka ɗaura masa igiyoyi biyu na wucin gadi, dama da hagu. Amma lura: inda za su ƙare a ƙasa dole ya yi layi ɗaya da ƙusar hinjin, tsayi ɗaya. In ba haka ba, ko su saki a tsakiyar hanya ko su ɗaure tamau su hana shi tashi. Ni sai da na ɓata yini guda kafin na gane wannan.

Hajiyar Norwich: Malam, kafin ka taɓa komai ka ɗaga kai ka duba wayar lantarki, a inda ka faka da kuma duk hanyar da za ka bi zuwa gangaren ruwa. Alminiyom na ɗaukar wuta, an sha rasa rayuka ta haka.

Mu nan Norfolk Broads, yankin koguna da tafkuna a Ingila, sauke jigo abin yau da kullum ne saboda gadoji, musamman tsohuwar gadar Potter Heigham. Tsofaffin jiragen nan ana liƙa wa gindin jigonsu dalma mai nauyi, mutum ɗaya ya isa ya kwantar da shi ya tayar. Ranar da na fara gani dariya na yi, sak jigon ban ruwa na kakana a fadama, mai curin laka a gindi.

Baba Mai Gwafa: Hajiya ta yi gaskiya. Na manta abu ɗaya: idan jigon ya kai rabi ka ji ya cije, kada ka ƙara ƙarfi. Waya ce ta sarƙe a wani wuri, ko ɗaya daga cikin notocin da ake murɗawa don ɗaure wayoyin jigo tamau ya kwanta a karkace. Ka ja da ƙarfi, ya lanƙwashe. Maƙale igiyar, je ka warware. Kuma ka faka a wuri mai daidai, kada iska ta buge ka ta gefe.

Ɗan Yawuri: Na gode Baba, na gode Hajiya. Jiya na gwada a ƙofar gida, bayan na duba sama. Ya cije sau ɗaya, wayar baya ce ta maƙale a kan injin. Na warware, ya miƙe, na sa ƙusar wayar gaba hannuna yana rawa. Saukewa ce ban yi ƙarfin halin yi ni kaɗai ba tukuna, maƙwabci na kira. Baba, wajen saukewa a tsaye kake sakin igiyar ko a zaune?