Sherman ko Chi-Nu: wa ya hau duka biyun a War Thunder?

Mai Hellcat, Bukoki:
Salamu alaikum ƴan'uwa. Gardama ta ƙi ƙarewa a fadarmu nan Yamai. Wasu sun ce War Thunder, wasan yaƙin nan na intanet, ya fifita tankokin Amurka irin Sherman, wasu sun ce raina na Japan irin Chi-Nu kawai ake yi. Wanda ya hau duka biyun ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa, ban da ji-ta-ji-ta.

Ɗan Ader, Tawa:
Wa alaikumus salam. Ni da Japan na fara, kuma na sha wuya. Tankokin farko, Ha-Go sulkenta milimita 12 ne, Chi-Ha 25. Ba sai an ɓata maka harsashin igwa ba, bindigar .50 da ke saman tankokin Amurka ta ishe ka. Sai da na kai Chi-Nu na fara numfashi. Igwarta ta milimita 75 harsashinta da nakiya a ciki, in ya shiga gefen Sherman, mutum biyar ɗin nan tare suke tafiya. Amma laɓewa ake yi da ita, bayan tudu ko kwanar gida. Ka harba ka kuskure, to ka fara salati.

Yayan Fada, Yantala:
Ƙanena, ka manta babban abu. Sherman tana da na'urar da ke riƙe igwa daidai in tana tafiya a hankali. Ku haɗu a kwana, kai ka taka birki bakin igwarka na ta rawa sama da ƙasa, shi ya riga ya harba. Nan ne fifikon yake, ba a sulke ba, don sulken Sherman ma fashewa yake yi. Jumbo, wato Sherman mai kaurin sulke, ce kaɗai ke tsayawa a gabanka tana kallonka.

Malamin Tarihi, Harobanda:
A tuna wasan ba tarihi yake bi ba, matakin BR yake bi, wato lambar ƙarfin da ake haɗa tankoki da ita. Amurka ta ƙera Sherman sama da 49,000. Chi-Nu ba ta kai 200 ba, kuma ba ta taɓa shiga yaƙi ba, an ajiye ta don tsaron gida. Abin da Sherman ta tarar a yaƙin tsibirin Saifan a 1944 Ha-Go ne da Chi-Ha. Shi ya sa da aka kawo tankokin Japan cikin wasan a ƙarshen 2016, sai da aka cike gurbi da irin su Chi-To da Chi-Ri, waɗanda ba su wuce gwaji ba, da kuma M24 da M41 da Amurka ta ba rundunar Japan bayan yaƙi. Wato ko ka zaɓi Japan, sai ka tuƙa ta Amurka.

Ɗan Ader:
Malam, gaskiya ne, amma akwai abin da Turawa ba su lissafawa: rezo. Da dare a nan, sai in danna harbi, tankar ta yi jim kamar jakin da ya ga rijiya, kafin ta amsa an gama da ni. Tankar da rayuwarta ta rataya a kan harbin farko ba ta mai rezo irin nawa ba ce. Da Jumbo kuwa sai in ji ƙarar ƙarfe, harsashi ya zame, in samu damar ramawa.

Hajiya Type 90, Wadata:
Ku duk kuna ƙasan BR ne. A sama labarin ya juya. Type 90 ta Japan inji ke ɗura mata harsashi, daƙiƙa 4, ko an ji wa ma'aikata rauni saurin bai raguwa. Abrams ta Amurka mutum ke ɗurawa, a kashe shi sai ka ga ta yi sanyi. Illar ita ce mutum 3 gare ni, Abrams 4. A ɗauke mini biyu, wasa ya ƙare.

Mai Hellcat:
Hajiya, mu da ko M41 ba mu kai ba! Ɗan Ader, daren Asabar bayan isha'i in akwai kuran, zan ɗauko Chi-Nu, kai ka zo da Sherman, mu buɗe ɗaki namu. Yaya, kai ne alƙali.