Shin Jami'ar Gwamnati Na da Sirri?

Ɗan jarida: Ni matsayina ɗaya ne. Jami'ar da albashinta ke fitowa daga baitulmali, asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ke gina mata azuzuwa, ba ta da hurumin ɓoye takarda. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba su kwana 7 su amsa, amma ka tambayi kuɗin kwangilar ɗakin kwanan ɗalibai, sai a ce maka sirrin ofis ne.

Malama: Ɗan'uwa, ka yi mana kuɗin goro. Fayil ɗin ɗalibata fa? Sakamakonta, takardun asibitinta, ƙarar da ta kai kan malamin da ya neme ta da lalata? In ta san gobe wani zai karɓa ya watsa a Facebook, wallahi ba za ta buɗe baki ba.

Lauya: Malama na da gaskiya. Sashe na 14 na dokar ya kare bayanan ɗalibai da na ma'aikata, na 17 kuma ya ba da damar hana kayan koyarwa da na bincike da malamai suka shirya. Amma shi wannan na 14 ɗin ya ce in maslahar jama'a ta rinjayi sirrin mutum, a bayar. Kuma duk hanawa sai a rubuce, da dalili.

Ɗan jarida: To a 2023 ba Jami'ar Jihar Chicago ce ta miƙa wa lauyoyin Atiku takardun Tinubu ba?

Lauya: Kotun tarayya ta Amurka ce ta umarce ta. Dokar Amurka ta 1974 ba ta yarda kowa ya je ya karɓi bayanan ɗalibi haka kawai ba.

Tsohon magatakarda: Ku yi haƙuri in sa baki. Neman kujerar shugaban jami'a ma yana son sirri. Farfesan kirki ba zai nema ba in za a tallata cewa ya faɗi. Jihar Florida ta yi dokar ɓoye sunayen masu nema a 2022.

Malama: Ranka ya daɗe, nan kam ban bi ka ba. A 2022 ɗin Jami'ar Florida ta fito da sunan mutum ɗaya tak, Sanata Ben Sasse, ɗalibai suka yi zanga-zanga. A ɓoye sunan wanda ya faɗi, na yarda. Amma ma'aunin da aka bi da makin wanda ya ci, wa ake karewa da ɓoye su in ba majalisar gudanarwa ba?

Tsohon magatakarda: Ma'auni a bayyana, 'yata. Makin kam sai mun sake zama.