Tukunyar kashe gobara mai kumfa, za ta yi min a shago?

Mai Tireda: Salam jama'a. Dan Allah masu sani ku taimaka, ina da shagon tireda, ga janareta a baya kuma kullum da jarkar fetur a ajiye, hunturun nan kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. An kawo min tukunyar kashe gobara mai lita 9 wai ta kumfa ce. Ya take aiki, kuma kowace irin wuta take kashewa?

Tsohon ɗan kwana-kwana: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ke ciki ruwa ne da sinadarin kumfa, in ka fesa sai kumfar ta shimfiɗe a kan fetur ɗin kamar bargo, ta raba shi da iska, ta danne tururin man wanda dama shi ne ke ci, ruwan kuma ya sanyaya wurin. Shi ya sa take maganin fetur, kananzir, fenti, har da katako da kwali da yadi. Amma ka ji ni da kyau, kar ka harba ta tsakiyar man da ke ci, watsa shi za ka yi wutar ta bi ko'ina. Ka ja baya kaɗan, zare fil ɗin, ka nufi gefe ko bangon da ke bayan wutar, kumfar ta gangaro a hankali ta rufe. Kuma ƙofa ta kasance a bayanka. Ba ta kai minti ɗaya ta ƙare, in ta ƙare wuta na nan ka fita kawai ka kira 112.

Mai wayarin: Baba ya gama magana, nawa ɗaya ne: wlh kar ka kusanci soket, mita ko janareta mai aiki da ita, ruwa ce, wuta za ta ja ka. Kashe layin tukuna. Ka nemi mai baƙin tambari ta CO2, wato mai fesa iska ba ruwa ba, saboda kayan lantarki, ta kumfa tambarinta ruwan madara ne.

Maman yara: To mu masu suya fa, in man gyaɗa ya kama?

Tsohon ɗan kwana-kwana: A'a Hajiya, man da ya yi zafi tashi zai yi ya fantsamo miki. Kashe gas ɗin, ki rufe kaskon da murfin ƙarfe ki bar shi sai ya huce.

Mai Tireda: Na gode, Allah ya saka da alheri. Allurar ma'aunin da ke jikin tukunyar tawa na kan kore, alamar ƙarfinta na nan, ta CO2 ɗin kuma gobe zan shiga kasuwa in tambayi kuɗinta.