Kogunan Alaska da suka koma ruwan goro, da gaske ne?

Abu Sadik: Salamu alaikum jama'a. Wai don Allah wa ya ga hotunan kogunan jihar Alaska ta Amurka ɗin nan da ake ta yawo da su? An ɗauka daga sama, ko'ina ciyawa kore shar, sai kogi a tsakiya kamar an tuttula manja. Haɗin kwamfuta ne ko kuwa masu haƙar ma'adinai ne ke zuba musu dagwalo?

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Ba haɗi ba ne ɗan'uwa, kuma ba ruwan masu haƙa, yawancin kogunan nan suna can cikin duwatsun Brooks inda ko titi babu, sai da jirgi mai saukar ungulu masu bincike ke kaiwa wasunsu. Ƙasar yankin a daskare take shekaru dubbai, to yanzu da zafi ya ƙaru ta fara narkewa, ruwa da iska suka samu hanyar shiga duwatsun da ke ɗauke da ƙarfe da farar wuta, sai abin ya zama asid ya riƙa narko ƙarfe yana turo shi kogi. Tsatsa ce zalla kake gani. Binciken da masanin muhalli Jon O'Donnell da abokan aikinsa suka fitar a 2024 ya lissafa rafuka da koguna 75 da suka rine haka.

Maman Hanifa: Ikon Allah! To kifin fa? Mutanen ƙauyukan can ai da kifi suka dogara.

Malam Bala: Nan ne matsalar Hajiya. Bayan ƙarfen akwai tagulla da zinki da kadmiyam (wani ƙarfe mai guba) a ciki, wani ruwan ma tsaminsa ya kai 2.3 a ma'aunin tsami na pH, wanda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai yawa, alhali lafiyayyen kogi a wajen kusan 8 yake. Akwai wani rafi da ke shiga kogin Akillik, 2017 ruwansa garau da kifi, 2018 ya rine, kifin suka ɓace.

Ɗan Hoto: Ni abin da ya ban haushi mutane sai yaba kyan hotunan suke, wai sun yi kyau a fuskar waya. Amma fa ba don hoton ba wa zai ma tsaya karanta rahoton masana? Har daga tauraron ɗan'adam ana hango launin, da aka koma tsofaffin hotuna an ga alamarsa tun 2008.

Abu Sadik: Na gode Malam. To akwai yadda za a tace ruwan ne?

Malam Bala: Da a mahaƙa ɗaya ne sai a tare shi a sa masa farar ƙasa, amma nan daga wurare barkatai yake tsattsafowa a jejin da ba kowa, ta ina za a fara?