Yaron sakandare ya kashe min sarki a taku tara, ina kuskuren?

Na Samaru: Salam 'yan uwa. Jiya bayan La'asar mun buga ces (darar Turawa) a gindin dalbejiya bayan shagon wani tela a Samaru. Makina a Lichess, shafin buga ces a intanet, 1450, yaron kuwa ya ce nasa 1300, sai na raina shi, har da kurɓar shayi ina wasa. Ni ke da baƙi (a rubutun taku, N doki ne, B bishof, Q sarauniya, K sarki): 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Nf6 4.Ng5 d5 5.exd5 Nxd5. Kawai sai ya jefa dokinsa f7! Na ce kyauta ce, sarki ya cinye. 7.Qf3+ na koma g8, 8.Bxd5+ Be6 9.Bxe6, shi ke nan. Tela har ya tsayar da keke yana dariya. Wai a ina na fara ɓata?

Malamin Kongo: Wa'alaikas salam ƙanena. Tun taku na biyar ka faɗa rami. Wannan tarko Fried Liver ake ce masa, ya fi shekara ɗari huɗu ana kama mutane da shi. Sojan d5 ɗin nan ba a cin sa da doki. Ka buga 5...Na5, ka kori bishof ɗin c4, don shi ne ke leƙen f7. Zai biyo da Bb5+, ka tare da c6, a yi musaya, sannan h6 ka kora dokin gida. Soja ɗaya zai fi ka, amma kayanka duk sun fito fili, shi yana ta ja da baya. Kuma ko bayan ka ci dokin, g8 kabari ne. Dole sarki ya fito e6 ya riƙe d5, duk da wurin ba daɗin zama.

Ɗan Tudun Wada: Ni dai Malam, tsoro na hana ni wannan hanyar. 3...Bc5 nake bugawa. In ya kawo doki g5, sarauniya ta ɗauke shi a banza.

Na Samaru: Allah ya saka, Malam. Na sa wasan a Stockfish, manhajar da ke nazarin wasan ces, da daddare, yana kaiwa Kg8 ma'aunin ya zube ƙasa gaba ɗaya. Yaron ya ce zai dawo ranar Asabar, kuma ya roƙi a bar masa fari.